Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Mata da Ikon Maza Cikin Tsofaffin Littattafan Faransa



Duk wanda ya zauna bisa bencin kwaleji ko lise a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya ci karo da sunayen Molière da Balzac da Flaubert. Mushe ya kan rubuta su bisa allo, ɗalibi ya hardace shekarun haihuwarsu da mutuwarsu saboda jarrabawa, in ya samu takardarsa ya shiga biro, sai ya manta da su. Ɗan kasuwa kuwa yana iya tambayar abin da ya haɗa shi da tatsuniyoyin Nasara. To, littattafan nan cike suke da abubuwan da ɗan kasuwa ya fi kowa sani: bashi, gado, takardar sa hannu, da wanda ke riƙe da mabuɗin akwati. Cikin mafi shahararsu kuma akwai wata mace da ke ta dawowa da sunaye dabam-dabam, budurwa ko matar aure wadda ba ta san irin ikon da maza ke da shi a kanta ba, ba ta san abin da doka ta ba su ba, ba ta ma san abin da ta mallaka ba, sai ranar da abin ya faɗo mata. Jawabin yau a kan wannan mace yake, kuma abu ɗaya yake son nunawa: duhun da take ciki da gangan aka gina shi, akwai maginansa, akwai masu cin ribarsa, marubutan kuma sun nuna su da yatsa.

Yarinyar da aka rena don kada ta sani

Ranar 26 ga watan Disamba 1662, a birnin Pari, zamanin Sarki Louis na 14, Molière ya fito da wasan kwaikwayonsa mai suna L'École des femmes, wato Makarantar Mata. Jigon wasan wani mai hali ne, Arnolphe, ɗan shekara 42, wanda babu abin da yake tsoro a duniya kamar ya yi aure matar ta ci amanarsa, ya zama abin dariya a gari. Sai ya yi dabara. Ya ga wata yarinya ƴar shekara 4 mai suna Agnès a hannun wata baƙauya matalauciya, ya karɓe ta, ya kai ta gidan zuhudu na mata Kirista, inda ake killace ƴan mata, ya ba da umarni a rene ta cikin jahilci iyakar iko. A lissafinsa, in ta iya addu'a da ɗinki da kaɗi, ta kuma so shi, ya wadatar. Bayan shekara 13 ya ɗauko ta, ya ajiye ta a wani gida na dabam tare da bayi biyu marasa wayo, yana shirin aurenta.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Arnolphe ya yi ƴar tafiya, wani saurayi mai suna Horace ya hangi Agnès, ya gaishe ta, ta amsa, har ta karɓe shi cikin gida, domin ba wanda ya taɓa gaya mata akwai aibi a ciki. Da maigidan ya komo, ita da bakinta ta ba shi labari duka. Ya zaunar da ita ya yi mata wa'azi a kan shugabancin miji da biyayyar mata, ya sa ta karanta ƙa'idodin aure da babbar murya, ya kuma umarce ta ta jefi saurayin da dutse in ya dawo. Ta jefa dutsen kuwa, amma tare da wasiƙa. A ƙarshen wasa ta dubi Arnolphe ta shaida masa ta gane shi ne ya bar ta cikin jahilci, kuma tana jin kunyar haka.

Masu kallo sun yi dariya, amma a lura da yadda aka warware zancen. Agnès ta auri Horace ne saboda mahaifinta na gaskiya ya komo daga Amurka, kuma ashe shi da mahaifin Horace sun riga sun ƙulla auren tsakaninsu. Son ranta ya yi daidai da shawarar iyaye maza, shi ya sa ta tsira. Da shawararsu ta faɗa kan wani mutum, ba ta da ta cewa. Shi kansa Molière bai tsaya wuri ɗaya ba, domin a 1672 ya rubuta Les Femmes savantes, inda ya yi wa matan da suka duƙufa neman ilimi ba'a. Ya yarda kada a bar mace cikin duhu, amma yana so a auna mata hasken.

Uwar da ta faɗi gaskiya, da uwar da ta yi shiru

A 1678 aka buga La Princesse de Clèves ba tare da sunan marubuci ba. Mace ce ta rubuta shi, Madame de La Fayette. Cikin labarin, wata uwa ta saɓa wa al'adar sauran iyaye: maimakon ta ɓoye wa ɗiyarta zancen soyayya, sai ta riƙa gaya mata yadda maza ke yaudara da yadda fadar sarki ke cinye mutuncin mace. Yarinyar ta yi aure tana cikin shekararta ta 16, daga baya zuciyarta ta karkata ga wani basarake, Nemours. Ta faɗa wa mijinta gaskiya, kishi da baƙin ciki suka kashe shi. Da hanya ta buɗe, Nemours ya nemi aurenta, ta ƙi, domin ban da hakkin mijinta da take jin yana kanta, ta san in ya same ta son zai huce. Sanin bai kawo mata daɗi ba, amma cikin dukan matan da za a ambata a wannan jawabi, tana cikin ƙalilan da suka yanke wa rayuwarsu hukunci da kansu.

Ƙarni na 18 ya zo da masu falsafa da ke kiran ƴanci, amma a kan mata da yawansu ba su gusa ba. Rousseau, cikin littafinsa na tarbiyya Émile na 1762, ya tsara wa yaro namiji ilimin da zai sa ya tsaya da ƙafafunsa, ya kuma tsara wa yarinya, Sophie, tarbiyyar da za ta sa ta faranta wa namiji rai ta yi masa hidima.

Shekara 20 bayan haka, a 1782, wani hafsan soja mai suna Laclos ya nuna inda irin wannan tarbiyya ke kaiwa. Littafinsa Les Liaisons dangereuses wasiƙu ne 175. Ta farko daga hannun Cécile de Volanges take, ƴar shekara 15 da aka fito da ita daga gidan zuhudu domin a yi mata aure. Uwarta ba ta gaya mata ko sunan mijin ba. Har wani mutum ya shigo ya durƙusa gabanta, ta firgita tana tsammanin angon ne, ashe baduku ne ya zo auna ƙafarta. Mijin da aka zaɓa, Gercourt, ya nace sai yarinyar gidan zuhudu ne, yana ganin jahilcinta zai tsare masa ita. Wannan jahilci shi ya buɗe wa Valmont ƙofa: ya karɓi mabuɗin ɗakinta da sunan kawo mata wasiƙun saurayin da take so, ya shiga da dare ya fi ƙarfinta. Ta ɗauki ciki ba ta san ciki ba ne sai da ya ɓare. Ta ƙare ta koma gidan zuhudu, wannan karo har abada.

Mai shirya makircin kuwa mace ce, Madame de Merteuil. A wasiƙa ta 81 ta ba da labarin yadda ta koya wa kanta komai tun tana yarinya, ta hanyar sa ido da kame fuska, da yadda ta ƙi sake aure bayan mutuwar mijinta don kada wani ya sake samun iko a kanta. Ta san dokar wasan sarai, amma ta riƙe sanin ita kaɗai, ta mai da shi makami kan ƴan uwanta mata. Da asiri ya tonu, Valmont ya mutu a fagen takobi kamar yadda manyan mutane ke mutuwa a lokacin, ita kuwa jama'a suka yi mata ihu, agana ta ɓata mata fuska ta cinye ido ɗaya, ta faɗi shari'ar dukiyarta, ta gudu Holan. A 1783 Laclos ya rubuta wata maƙala inda ya ce gyaran ilimin mata ba zai yiwu ba muddin suna zaune kamar bayi a hannun maza. Ba a buga ta ba sai da daɗewa bayan mutuwarsa.

Abin da doka ta rubuta

Juyin juya halin 1789 ya shelanta haƙƙin ɗan adam. A 1791 Olympe de Gouges ta rubuta shelar haƙƙin mace, domin ta ga an bar rabin al'umma a waje. A watan Nuwamba 1793 aka sare mata kai. A 1804 Napoliyon ya kafa kundin dokokin zaman jama'a, kuma duk mai son fahimtar ƙagaggun labaran ƙarni na 19 sai ya san abin da ke cikinsa. Aya ta 213 ta ɗora wa miji kariya, ta ɗora wa mata biyayya. Matar aure ba ta kai ƙara kotu, ba ta sayar da kadara, ba ta jinginar da ita, sai da izinin miji. Aya ta 1124 ta jera ta tare da ƙananan yara da waɗanda kotu ta hana riƙe dukiya. Aya ta 340 ta hana neman uban ɗan da aka haifa ba aure. Dokar kasuwanci ta 1807 ta ce matar aure ba ta zama ƴar kasuwa sai da yardar miji. Dokar laifuka ta 1810 ta tanadar wa matar da ta ci amanar aure kaso na wata 3 zuwa shekara 2, miji kuwa tara kawai, ita ma sai in ya ajiye farkarsa cikin gidan aure. A 1816 aka soke saki ɗungum, bai dawo ba sai 1884.

Ƴan matan da za a ambata yanzu a ƙarƙashin wannan doka suka rayu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa karanta wa aya guda daga ciki.

Kazar da ta kwana bisa dami

Littafin Balzac mai suna Eugénie Grandet, na 1833, ya kamata kowane attajiri ya ji labarinsa. A garin Saumur akwai wani tsoho, Grandet, wanda ya faro da sana'ar haɗa ganguna, ya auri ɗiyar wani mai arzikin katako, ya saye gonakin coci da arha lokacin juyin juya hali, har ya yi magajin gari. Duk garin na lissafin dukiyarsa, ban da mutum biyu: matarsa da ɗiyarsa Eugénie. Kowace safiya shi ke auna burodi da sukari da kyandir na yini. Gidaje biyu na garin suna zarya da furanni suna neman auren yarinyar saboda gadon, ita kuwa tana ɗauka zumunci ne. Tana da shekara 23 take tambayar mahaifinta ma'anar karayar arziki da ma'anar miliyan. Rashin sani, kaza ta kwana bisa dami.

Da ɗan baffanta Charles ya zo daga Pari, mahaifinsa ya karye ya kashe kansa, tausayi da so suka sa ta ba shi ƴan tsabar zinariyar da ta tara, na kusan faran dubu 6. Ranar sabuwar shekara Grandet ya nemi ganin zinariyar, ya tarar babu, ya kulle ɗiyarsa a ɗaki bisa burodi da ruwa. Abin da ya sa ya sauko shi ne notar, wato malamin da ke rubuta takardun gado da ciniki a gaban doka, ya tuna masa cewa in matarsa ta mutu, Eugénie ce magajiyarta, kuma tana iya neman a raba dukiya. Ashe yarinyar da aka kulle tana da makami a doka, ita ce dai ba ta sani ba. Da uwar ta rasu, aka kawo takardar yafe gado. Notar ya so ya yi mata bayani, ta ce ba ta gane komai cikin zancen, a nuna mata wurin sa hannu. Mahaifin ya yi mata alkawarin faran 100 kowane wata, shekara ta zagayo bai ba ta ko ɗaya ba.

Da tsohon ya mutu ta tarar da kanta bisa miliyan 17. Charles kuwa, wanda ya yi arziki a ƙasashen waje har da cinikin bayi, ya aiko mata wasiƙa yana janye alkawari, domin zai auri ɗiyar masu sarauta. Ta biya basukan mahaifinsa duka, ta ci gaba da zama cikin tsohon gidan, tana kunna wuta a ranakun da mahaifinta ya saba yarda a kunna. Dukiya ta zo hannunta bayan an riga an koya mata rayuwar wadda ba ta da komai.

Takardar bashi

Emma, jigon Madame Bovary na Flaubert, wanda ya fito a 1857, ta iya karatu ƙwarai. An kai ta gidan zuhudu a Rouen tana da shekara 13, ta cika kanta da labaran soyayya, ta fito tana jiran basarake bisa doki, ta ƙare da auren wani ƙaramin likitan ƙauye, Charles Bovary. Ta ɗan hango bambancin da ke tsakanin jinsi biyu, domin da ta ɗauki ciki ta yi fatan namiji, tana ganin shi ne mai ƴancin zuwa inda ya so. Amma ba ta san abu biyu ba: yadda mazan da ke yi mata daɗin baki ke lissafi, da yadda takardar bashi ke haihuwa.

Rodolphe, mai gonaki, tun ranar da ya fara ganinta yake tunanin yadda zai rabu da ita bayan ya samu abin da yake so. Lheureux, mai kantin yadi, ya fi shi haɗari. Ya kan kawo kaya har gida, ya ce ba gaggawar biya. Daga nan sai takarda, in lokacinta ya yi a sabunta ta da ruwa, a ƙara wata bisa wata. Shi ya ba ta shawarar ta karɓi takardar wakilci daga mijinta don ta riƙa sa hannu a madadinsa. Ya miƙa takardun ga wani abokin harkarsa, rana ɗaya hukuncin kotu ya iso: faran dubu 8 cikin awa 24, ko a kama kayan gida. Ta bi mazan da ta sani ɗaya bayan ɗaya. Saurayinta Léon ya zame. Notar ya nemi ta biya da jikinta. Rodolphe ya ce ba shi da faran dubu 3. Ta shiga ɗakin ajiyar mai sayar da magani ta ci guba.

Emma tana da nata laifi, ta yi ƙarya, ta ci amanar mijin da ke sonta, kuma shi ma Charles cikin duhu ya zauna. Amma a duba rabon da littafin ya yi a ƙarshe. Ɗiyarta Berthe ta ƙare leburar masaƙar auduga. Lheureux ya ci gaba da kasuwancinsa. Homais mai magani ya samu lambar girma ta ƙasa. Gwamnati ta gurfanar da Flaubert gaban shari'a a farkon 1857 bisa zargin ɓata tarbiyya da addini, kotu ta sallame shi cikin watan Fabrairu. Abin da ya tayar wa hukuma hankali shi ne zinar matar likita. Ruwan da mai kanti ya ci bai dami kowa ba.

Uwar ɗaki da baiwarta

Maupassant ya buga Une vie, wato Wata Rayuwa, a 1883, shekara ɗaya kafin a dawo da saki. Abin da ya sa wannan labari ya fi sauran ciwo shi ne maginin duhun mutumin kirki ne. Mahaifin Jeanne, basarake mai sanyin hali, almajirin Rousseau, yana ƙaunar ɗiyarsa ƙwarai, kuma saboda ƙaunar ya killace ta a gidan zuhudu daga shekara 12 zuwa 17, don kada ta san komai na duniya. Ta fito a watan Mayu 1819, cikin ƴan watanni aka ɗaura mata aure da Julien de Lamare. Sai daren biki mahaifin ya ja ta gefe, yana in-ina, ya gaya mata cewa daga yau ta zama ta mijinta ɗungum. Uwar ta kasa cewa komai sai kuka.

Uwar ta ba ta faran dubu 2 na kashewa. Julien ya karɓa da sunan ajiya, da ta nema ya miƙo mata 100. Ya karɓe lissafin gidan duka. Wata rana Rosalie, baiwar gidan da suka sha nono ɗaya da Jeanne, ta haihu a tsakar ɗaki, ba wanda ya san uban ɗan. Jeanne ta tsaya mata, sai daga baya ta gane ɗan mijinta ne. Mahaifinta ya fusata, limamin Kirista na ƙauyen ya kwantar da shi, ya tuna masa cewa shi ma ya taɓa bayin gida a zamaninsa. Aka daidaita: aka ba Rosalie gona ta faran dubu 20, aka samo baƙauyen da zai aure ta saboda gonar, aka ce wa Jeanne ta yi haƙuri. Doka ba ta ba Rosalie hanyar kiran sunan uban ɗanta ba, ba ta ba Jeanne hanyar saki ba.

Bayan mutuwar Julien, ɗansu Paul ya girma ya shiga cin bashi, uwar tana ta sa hannu bisa takardun jingina ba ta duba ba. Wadda ta cece ta ita ce Rosalie, da ta komo bayan sama da shekara 20. Baiwar da aka kora ta yi noma, ta riƙe gona, ta san farashin kowane abu. Ita ta zauna ta yi lissafi, ta sa aka sayar da babban gidan, ta karɓe kuɗin daga hannun uwar ɗakinta don kada Paul ya cinye sauran. Talauci ya hana a killace Rosalie, shi ya sa ta san duniya.

Yadda aka rushe ginin

In aka jera waɗannan labarai sai a ga masu ginin iri-iri ne. Akwai mai tsoro kamar Arnolphe, akwai marowaci kamar Grandet, akwai mai farauta kamar Valmont da Lheureux, akwai kuma mai ƙauna kamar mahaifin Jeanne. Iyaye mata sun sa hannu da shirunsu. Hujjar kowa ɗaya ce, wai tsare yarinya ake yi. Amma babu littafi ɗaya cikin waɗannan inda jahilci ya tsare ta. Kullum shi ke miƙa ta ga mayaudarin farko da ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma asarar ba ta tsayawa kanta: gidan Bovary ya watse, gidan su Jeanne ya tafi hannun baƙi.

Matan Faransa sun daɗe suna rushe ginin, tubali bayan tubali. Aurore Dupin ta ɗauki sunan namiji, George Sand, ta buga Indiana a 1832 a kan matar da aure ya zame wa kurkuku, a 1836 kuma ta ci shari'ar rabuwa da mijinta ta karɓo gidan gadonta na Nohant. A 1861 Julie-Victoire Daubié ta zama mace ta farko da ta ci jarrabawar bakaloriya. Dokar 1880 ta buɗe lise na gwamnati ga ƴan mata, ta 1882 ta tilasta lakwal ga yara maza da mata. A 1907 matar aure ta samu ikon riƙe albashinta. A 1938 aka soke ayar biyayya. A 1944 mata suka samu ƙuri'a. A 1949 Simone de Beauvoir ta buga Le Deuxième Sexe, ta nuna yadda al'umma ke ƙera abin da take kira halin mace. Sai a 1965 matar aure ta iya kama aiki da buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba. Daga Agnès zuwa wannan doka, shekara 303 ke nan.

Abin da ya shafi Nijar

Wannan tarihi na Faransa ne, amma igiyarsa ta iso nan ta hanya biyu, ta lakwal da ta doka. Da ƙasa ta samu mulkin kai a 1960 ta gaji kundin dokokin zaman jama'a na Faransa, har da ayar da ta sa shekarun aure 18 ga namiji, 15 ga mace, wato shekarun Cécile. Faransa kanta sai a 2006 ta ɗaga na mace zuwa 18. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18.

A wani fanni kuwa ƙasar Hausa ta riga Faransa nesa. Tun kakanni, dukiyar matar aure tata ce: akuyarta, kuɗin adashinta, ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta, da rabonta na gado. Abin da matar Pari ta jira har ƙarni na 20, tsohuwar ƙauyen Gobir ta tashi ta tarar da shi. Sai dai labarin Eugénie ya nuna haƙƙin da mai shi bai sani ba, wani ke cin sa. Ita ma doka ta ba ta gadon uwarta, da hannunta ta yafe.

Saboda haka darasin yana hannun mutanen da ke wannan zaure. Ma'aikacin da aka kawo wa mace ta dangwala yatsa bisa takardar Faransanci, ya karanta mata da harshen da take ji kafin tawada ta taɓa yatsan. Attajirin da ke ba matan gida kaya bashi, ya faɗi jimilla da ranar biya a gaban shaidu. Ɗan uwan da ke riƙe da gonar gado, ya gaya wa ƙannensa mata iyakar rabonsu. Uban da ke shirin cire ɗiyarsa daga lakwal don ya tsare ta, ya tuna mahaifin Jeanne ma da ƙauna ya yi nasa. Mushe kuma, in ya zo kan waɗannan littattafai, ya tambayi ɗalibansa wa ke riƙe da mabuɗi cikin labarin, wa ya iya karanta takarda, wa ya ci riba a shafin ƙarshe.

Matan ƙasar nan sun riga sun nuna sun fahimci zancen. Ranar 13 ga watan Mayu 1991, da suka ji kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa mace ɗaya tak ke cikinsa, suka fito titunan Yamai da dubbansu, suka yi tattaki har aka ƙara musu kujeru. Ranar ta zama ranar matan Nijar, a shekara ta 2000 kuma majalisa ta kafa dokar kason mata a muƙaman zaɓe da na naɗi. Abin da ya fito da su ranar nan shi ne sun ga jerin sunayen, sun iya karanta shi, sun kuma ƙirga.